Gari Ya Hana, Jiha Ta Buɗe: Abin Da Ya Kamata Ku Sani Game Da Dokokin Bindiga A Garuruwan Amurka

A watan Yunin 2013 kansilolin wani ƙaramin gari mai suna Highland Park, da ke arewa da birnin Shikago a jihar Illinois, suka zartar da dokar hana mallakar bindigogi samfurin soja a cikin garinsu. Dokar ta shafi AR-15 da AK-47 da danginsu, ta kuma haɗa da duk gidan harsasan da ke ɗaukar fiye da harsashi 10. Mutanen garin kimanin 30,000 ne. Wani likitan yara mazaunin garin, Arie Friedman, ya haɗa kai da ƙungiyar masu bindiga ta jihar suka kai ƙara. Kotun farko ta ba garin gaskiya, kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar a 2015, Kotun Ƙoli kuma ta ƙi sauraren shari'ar a watan Disambar wannan shekara. Doka ta zauna daram.

Bayan shekara tara da kafa dokar, ranar 4 ga Yulin 2022, jama'a sun yi dafifi a bakin titi suna kallon faretin ranar samun 'yancin kai, sai wani saurayi ɗan shekara 21 ya hau rufin wani gini ya buɗe musu wuta. Ya harba harsashi fiye da 80 cikin ƙasa da minti ɗaya. Mutum bakwai suka rasu, 48 suka jikkata. A cikin mamatan har da mata da mijin da suka bar yaro ɗan shekara biyu. Bindigar da ya yi amfani da ita, ƙirar Smith & Wesson M&P15, tana cikin irin waɗanda garin ya haramta. Sai dai ba a garin ya saye ta ba, kuma inda ya saye ta babu dokar da ta hana.

Daga ranar masu goyon bayan bindiga suka riƙa cewa ga shi nan, dokar gari ba ta tsinana komai ba. Masu neman a taƙaita makamai kuma suka ce a'a, abin da ya fito fili shi ne gari ɗaya ba zai iya shi kaɗai ba. Kafin mutum ya ɗauki ɓangare, yana da kyau ya san yadda aka raba ikon yin doka a ƙasar, domin rigimar bindiga a Amurka rabinta rigima ce kan wanda ke da hurumin yanke magana.

Hawa uku na doka

Tushen komai shi ne Gyara na Biyu da aka yi wa tsarin mulkin Amurka a 1791, wanda ya ambaci buƙatar mayaƙan sa-kai masu tsari, sannan ya ce kada a tauye wa jama'a haƙƙin ajiye makami da ɗaukarsa. A ƙarƙashin wannan akwai dokokin tarayya, kuma ba su da yawa. Ta 1934 ta sa rajista da harajin dala 200 a kan bindigogi masu sarrafa kansu. Ta 1968, wadda ta biyo bayan kisan Martin Luther King da Robert Kennedy, ta fayyace irin mutanen da ba a yarda su riƙe bindiga ba. Ta 1993 ta wajabta wa dillalai masu lasisi su binciki tarihin mai saye kafin su miƙa masa. Amma a dokar tarayya, mutumin da ba dillali ba yana iya sayar wa ɗan jiharsu bindigarsa ba tare da wannan bincike ba, sai in jihar ce ta hana.

Hawa na biyu jihohi 50 ne, kowace da nata tsari. A Illinois sai kana da katin izini daga 'yan sandan jiha kafin ka mallaki bindiga ko harsashi. Ka tsallaka iyaka zuwa Indiana, babu wannan kati. Hawa na uku su ne birane da garuruwa da gundumomi. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne tsarin mulkin Amurka bai ba gari wani iko na ƙashin kansa ba. Duk ikon da gari ke da shi jiha ce ta ara masa, kuma galibi tana iya karɓe abinta duk ranar da majalisarta ta ga dama.

Yawan makaman da ake magana a kai ma abin lura ne. Cibiyar binciken ƙananan makamai da ke Janiba ta ƙiyasta a 2018 cewa farar hula a Amurka suna riƙe da bindiga kimanin miliyan 393, wato bindiga 120 ga kowane mutum 100.

Wace bindiga ake nufi?

Duk wanda ya saba jin labarin AK-47 a hannun 'yan bindigar daji zai ɗauka irinta ce ake sayarwa a shagunan Amurka. Akwai bambanci. Ta soja, in ka danne kunama ka riƙe, za ta yi ta aman wuta har gidan harsasai ya ƙare. Irin wannan an rufe yi wa farar hula sabuwar rajistarta tun watan Mayun 1986, tsofaffin da suka rage kuma kuɗinsu ya kai dubban daloli masu yawa. Wadda ake rigima a kanta tana fitar da harsashi ɗaya ne a kowace dannawa, amma ita ke ɗura wa kanta na gaba, saboda haka saurin yatsan mai harbi ne kawai ma'auni. AR-15 ita ce ta fi shahara. Wani injiniya mai suna Eugene Stoner ya ƙera ta a kamfanin ArmaLite cikin shekarun 1950, kuma daga ita aka fitar da M16 ta sojan Amurka. Masu sana'ar ƙera makamai sun ƙiyasta cewa irin waɗannan bindigogi sun haura miliyan 20 a hannun jama'a.

Jihar Kalifoniya ce ta fara hana su, a 1989, bayan wani mutum ya shiga filin wasan wata makarantar firamare a Stockton da bindiga ƙirar AK ya kashe yara biyar, 'ya'yan 'yan gudun hijira daga kudu maso gabashin Asiya. A 1994 Shugaba Bill Clinton ya sa hannu a dokar tarayya da ta hana ƙera su da sayar da sababbi. Dokar ta lissafa wasu da sunayensu, sauran kuma ta ce a gane su da siffa: bindigar da ake cire wa gidan harsasai a sauya wani, in tana da biyu daga cikin wasu alamomi, kamar gindi mai naɗewa, da mariƙi irin na fistol, da wurin maƙala banati, da abin ɓoye walƙiyar wuta a baki. Ta kuma hana sababbin gidajen harsasai masu ɗaukar fiye da 10.

Dokar ta zo da ɓaraka biyu. Duk abin da ke hannun mutane kafin ranar an bar musu, har da damar sayarwa. Kamfanoni kuma suka cire alama ɗaya ko biyu suka ci gaba da fitar da kusan bindigar nan dai da sabon suna. An ba dokar wa'adin shekara goma, da ya cika a Satumbar 2004 majalisa ba ta sabunta ba. Ko bayan kisan yara 20 da manya shida a makarantar Sandy Hook a Disambar 2012, yunƙurin dawo da ita ya faɗi a majalisar dattawa a Afrilun 2013, da ƙuri'a 40 kacal cikin 100. Tun daga nan nauyin ya koma kan jihohi da garuruwa. Jihohin da ke da irin wannan hani kimanin goma ne, cikinsu har da Kalifoniya da Niyok da Maryland da Connecticut da Massachusetts.

Yadda aka ɗaure hannun garuruwa

Dokar gari a kan bindiga tsohuwar aba ce a Amurka. Masu kallon fina-finan kaboyi sun saba ganin kowa da bindiga a ƙugu, amma a zahiri garuruwan wancan zamani da yawa sun hana yawo da makami a cikin gari. Garin Tombstone na Arizona ya kafa irin wannan doka a 1881: baƙo ya ajiye bindigarsa in ya shigo, ya karɓa in zai fita. Shahararren artabun nan na O.K. Corral, a watan Oktoban wannan shekara, ya tashi ne a lokacin da jami'an tsaron garin suka je karɓe makaman wasu da suka ƙi bin dokar.

A zamanin nan kuwa, birnin Washinton ya hana sababbin ƙananan bindigogi a 1976. A 1981 wani gari mai suna Morton Grove, shi ma kusa da Shikago, ya haramta mallakar ƙaramar bindiga ɗungurungum, kotunan tarayya kuma suka amince masa. Shikago ta bi sahu a 1982. A wannan shekarar ce garin Kennesaw na jihar Jojiya ya mayar da martani da dokar da ta ce kowane magidanci ya ajiye bindiga da harsashi a gidansa, ko da yake an ɗauke wa wanda imaninsa ko lafiyarsa ko aljihunsa bai yarda ba.

Abin da ya faru a Morton Grove ya tayar wa ƙungiyar masu bindiga ta ƙasa, NRA, hankali. Ta lura cewa bin garuruwa dubbai ɗaya bayan ɗaya aiki ne marar ƙarewa, alhali majalisun jihohi 50 ne kawai. Sai ta karkata can, tana neman kowace jiha ta yi dokar da za ta ce maganar bindiga ta jiha ce ita kaɗai, gari ba shi da ta cewa. Dabarar ta ci. A yau jihohi fiye da 40 suna da irin wannan doka ta karɓe iko, wasu gaba ɗaya, wasu da 'yar kafa.

Hujjar masu wannan ra'ayi ba ta banza ba ce, kuma ya kamata a faɗe ta yadda take. Suna cewa mutum mai lasisi yana iya ratsa garuruwa biyar tsakanin gidansa da wurin aikinsa, ba daidai ba ne ya zama mai bin doka a wannan mahaɗar titi, ya zama mai laifi a ta gaba, ba tare da ya sani ba. Suna kuma cewa haƙƙin da tsarin mulki ya bayar bai kamata ya rataya a kan ra'ayin kansiloli bakwai ba. Masu ɗaya ɓangaren suna amsawa da cewa matsalar unguwa mai cunkoso a Philadelphia ta jihar Pennsylvania ba ita ce ta ƙauyen mafarauta a tsaunukan jihar ba, kuma 'yan majalisar da ke hana birni yin dokarsa yawanci ba su ne ke zuwa jana'izar 'ya'yan birnin ba.

Wasu jihohi sun wuce hani sun kai ga horo. Fulorida ta karɓe ikon tun 1987, sannan a 2011 ta ƙara cewa duk jami'in gari da ya kafa dokar bindiga da gangan ana iya cin sa tarar da ta kai dala 5,000 daga aljihunsa, kuma ba za a kare shi a kotu da kuɗin gwamnati ba. Bayan an kashe mutum 17 a makarantar sakandaren Parkland a Fabrairun 2018, garuruwa da dama suka kai ƙara suna neman a cire wannan horo. Kotun Ƙolin jihar ta tabbatar da shi a Janairun 2023.

A Pittsburgh ta jihar Pennsylvania, wani mutum ya kashe masu ibada 11 a wurin bautar Yahudawa na Tree of Life a Oktoban 2018, da AR-15 da ƙananan bindigogi. Majalisar birnin ta san dokar jiha ta hana ta taɓa mallaka, sai ta yi dabara ta hana amfani da irin waɗannan makamai a bainar jama'a. Magajin gari Bill Peduto ya sa hannu a Afrilun 2019, kafin shekara ta ƙare alƙali ya soke. A Memphis ta jihar Tennessee masu zaɓe sun amince da matakan taƙaita bindiga da gagarumin rinjaye a Nuwambar 2024, suna sane da cewa dokar jiha ba za ta bari a aiwatar ba. Sun kaɗa ƙuri'ar ne don a ji muryarsu.

Labarin Boulder ta jihar Kolorado ya fi kowanne ɗaga hankali. Birnin ya hana bindigogi samfurin soja a 2018. Ranar 12 ga Maris 2021 wani alƙalin jiha ya ce dokar ta saɓa wa ikon jiha, ya dakatar da ita. Bayan kwana goma wani mutum ya shiga wani babban kanti a birnin ya kashe mutum goma, har da ɗan sanda. Gaskiya ita ce maharin daga wani gari yake, a can kuma ya sayi makaminsa, don haka babu mai iya rantsuwa cewa dokar Boulder za ta tare shi. Amma abin ya girgiza 'yan majalisar jihar. Cikin watan Yunin wannan shekara Gwamna Jared Polis ya sa hannu a dokar da ta mayar wa garuruwa ikon yin dokokin da suka fi na jiha tsauri. Boulder da wasu maƙwabtanta suka kafa sababbi a 2022, ƙararraki kuma suka biyo baya nan take.

Ita Highland Park ta tsallake ne ta wata siririyar ƙofa. Illinois ce jiha ta ƙarshe da ta yarda a riƙa yawo da bindiga a ɓoye, kuma sai da kotu ta tilasta mata. A cikin dokar da ta yi a Yulin 2013 ta karɓe ikon garuruwa a kan bindigogi samfurin soja, amma ta ce duk garin da ya riga ya kafa tasa, ko ya kafa cikin kwana goma, an bar masa. Garuruwa ƙalilan ne suka yi hanzari. Shi ya sa taswirar yankin ta zama dabbare-dabbare, gari ya hana, na kusa da shi bai hana ba.

Abin da Kotun Ƙoli ta ce, da abin da ba ta ce ba

Shekaru masu yawa kotuna suna fassara Gyara na Biyu a matsayin maganar mayaƙan sa-kai. A 2008 aka juya. Wani mai gadin ginin gwamnati, Dick Heller, ya ƙalubalanci dokar Washinton da ta hana shi ajiye ƙaramar bindiga a gida, alƙalai biyar cikin tara suka ce haƙƙin na kowane mutum ne don kare kansa. Bayan shekara biyu wani dattijo baƙar fata daga Shikago, Otis McDonald, wanda ɓarayi suka sha shiga gidansa, ya ci irin wannan nasara, kotu ta ce hukuncin ya hau kan jihohi da garuruwa duka. Morton Grove ta janye dokarta tun 2008, ta Shikago kuma ta faɗi a 2010.

Amma Mai Shari'a Antonin Scalia, wanda ya rubuta hukuncin 2008, ya ce haƙƙin yana da iyaka. Ana iya hana masu manyan laifuka, ana iya hana shiga makarantu da ofisoshin gwamnati da makami, kuma kariyar ta shafi makaman da jama'a suka saba amfani da su ne, ban da masu haɗari waɗanda ba a saba da su ba. A nan AR-15 ta tsaya tsakiya. Masu ita suna cewa abin da ke hannun miliyoyin mutane ai an saba da shi. Jihohin da suka hana suna cewa ƙanwar M16 ce, don fagen daga aka tsara ta, yawan cinikinta bai mayar da ita makamin tsaron gida ba.

Ranar 23 ga Yunin 2022 kotun ta ƙara tsananta ma'auni a shari'ar da aka sani da Bruen, daga Niyok. Ta ce bai isa gwamnati ta nuna cewa doka tana ceton rai ba, sai ta nuna cewa dokar ta yi daidai da al'adar dokokin makamai a tarihin ƙasar. Tun daga nan lauyoyin ƙananan garuruwa suka koma tonon dokokin ajiyar albarushi da na wuƙaƙe na ƙarni na 18 da na 19. A ganina wannan ma'auni ya yi wa garuruwa nauyi ƙwarai, domin mutanen 1791 sun san bindigar da ake ɗurawa ta baki ne, mai harbi ɗaya, ba su taɓa fuskantar mutum guda da zai zubar da harsashi 80 cikin minti ɗaya ba balle su yi masa doka.

Duk da haka manyan kotunan ɗaukaka ƙara ba su rushe hanin ba. Bayan harin Highland Park, Illinois ta yi dokar jiha baki ɗaya, Gwamna J.B. Pritzker ya sa hannu ranar 10 ga Janairun 2023, aka hana sayarwa, waɗanda suka riga suka mallaka kuma aka ce su yi rajista. Kotun ɗaukaka ƙara ta ƙi dakatar da dokar a Nuwambar 2023. Bayan shekara guda wani alƙalin tarayya a kudancin jihar ya ce ta saɓa wa tsarin mulki, aka jingine hukuncinsa har a ji ƙarar da aka ɗaukaka. A Yunin 2025 Kotun Ƙoli ta ƙi karɓar ƙara a kan irin wannan doka ta Maryland. Alƙalai uku sun so a karɓa, ana buƙatar huɗu, Mai Shari'a Brett Kavanaugh kuma ya rubuta cewa ya kamata kotun ta duba maganar AR-15 nan da zango ɗaya ko biyu.

Ikon gida kuma takobi ne da kowane ɓangare ke zarowa in ya dace da shi. Da Illinois ta kafa dokarta, mafi yawan zaɓaɓɓun shugabannin 'yan sandan gundumomin jihar, musamman na karkara, suka fito suka ce ba za su kama kowa a kanta ba. Haka gundumomin Virginia da yawa suka ayyana kansu a matsayin mafakar masu bindiga a ƙarshen 2019. Wanda ya ce a bar Pittsburgh ta yanke wa kanta, sai ya shirya amsar da zai ba waɗannan. Tawa amsar ita ce akwai bambanci tsakanin gari ya ƙara tsauri a kan dokar jiha, da jami'i ya ƙi aiwatar da dokar da ya rantse zai kare.

To, dokar gari tana aiki?

Alƙaluma suna buƙatar a karanta su da natsuwa. A 2021 bindiga ta kashe mutum 48,830 a Amurka, bisa lissafin hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasar. Fiye da rabinsu, kashi 54 cikin 100, kansu suka kashe. A kisan kai kuwa ƙananan bindigogi ne kan gaba nesa ba kusa ba, dogayen bindigogi duka-duka ba su kai kashi biyar cikin 100 ba a alƙaluman hukumar FBI. Ke nan ko da an kwashe kowace AR-15 a ƙasar gobe, yawancin wannan mutuwa tana nan. Duk wanda ya ce hana bindigogi samfurin soja zai kawo ƙarshen zubar da jini a titunan Shikago bai faɗa muku gaskiya ba.

Inda waɗannan makamai suka yi fice shi ne kisan jama'a da yawa a lokaci guda: Sandy Hook, Las Vegas a 2017, Parkland, Buffalo da Uvalde a 2022. Harsashinsu yana fita da gudun da ya ninka na ƙaramar bindiga, likitocin da suka karɓi waɗanda aka harba kuma sun sha bayyana yadda yake ragargaza hanta da ƙashi. Masu bincike ba su daidaita ba a kan yawan rayukan da dokar 1994 ta ceta, saboda miliyoyin da aka bari a hannun mutane sun dagula lissafin. Hujjar da ta fi ƙarfi tana wajen gidan harsasai. Duk lokacin da maharbi ya tsaya sauyawa, an sami daƙiƙoƙin gudu ko na kama shi. A Tucson a Janairun 2011, mutumin da ya harbi 'yar majalisa Gabrielle Giffords ya kashe mutum shida, jama'a sun danne shi ne a daidai lokacin da yake ƙoƙarin sa sabon gida, bayan ya ƙarar da mai ɗaukar fiye da 30. Da mai 10 ne a hannunsa, da tsayawar ta zo tun da wuri.

Babban raunin dokar gari shi ne iyaka. Rahoton da birnin Shikago ya fitar a 2017 ya nuna cewa kimanin kashi 60 cikin 100 na bindigogin da 'yan sanda suka kama a wuraren laifi daga wasu jihohi aka sayo su, kuma Indiana kaɗai ta ba da kimanin kashi 21. Daga kudancin Shikago zuwa Indiana tafiyar mintoci ce a mota, babu shinge, babu mai tambaya. Kamar manomin da ya yi wa gonarsa feshi ne alhali maƙwabtansa huɗu ba su yi ba, ƙwarin za su dawo.

Duk da wannan rauni ban yarda cewa dokar gari aikin banza ba ce. Tana hana buɗe shagon irin waɗannan makamai a cikin gari. Tana ba ɗan sanda hujjar tsayar da wanda ya gani da ita kafin ya harba. Gari ne kuma wurin gwaji: San Jose ta Kalifoniya ce ta fara wajabta wa masu bindiga inshora a 2022, sauran ƙasar na kallo. Mafi muhimmanci, dokar Highland Park ce ta bi matakan kotu ta tsira, kuma a kan wannan turba jihar ta taka lokacin da ta tashi yin tata. Jihar da ta hana birni yin doka, ta kuma ƙi yin tata, ta ɗauki alhakin da ba ta saukewa.

Tambayar wa ke da iko ba baƙuwa ba ce a Najeriya, sai dai tsarin ya sha bamban. Tsarin mulkin 1999 ya sa makamai da harsasai a jerin abubuwan da tarayya kaɗai ke yi wa doka, Dokar Makamai ta 1959 kuma ta ce bindigogin yaƙi sai da izinin Shugaban Ƙasa, irin su bindigar farauta mai harsashi sai da lasisin Sufeto Janar na 'yan sanda. Shi ya sa a Yunin 2022, da gwamnatin Bello Matawalle ta ce mutanen Zamfara su nemi lasisin bindiga su kare kansu, Babban Hafsan Tsaro na lokacin, Janar Lucky Irabor, ya ce gwamna ba shi da wannan hurumi. A Amurka garuruwa ne ke neman a bar su su rage makamai, a nan jihohi ne ke neman a bar su su ƙara, saboda tsaron da aka yi wa jama'a alkawari bai iso ƙauyukansu ba. Abin da ya haɗa biyun shi ne makami ba ya tsayawa a iyakar da aka zana a takarda, kamar yadda yankin Sahel ya gani bayan rushewar gwamnatin Libiya a 2011.

Ga masu 'ya'ya ko 'yan'uwa a Amurka, ku sanar da su cewa dokar tarayya ta hana wanda ya shiga ƙasar da bizar karatu ko ta ziyara riƙe bindiga ko harsashi, sai a wasu 'yan yanayi da aka keɓe, kamar mai lasisin farauta. Wanda ya zama ɗan ƙasa ko yake da takardar zama ta dindindin kuma, kada ya dogara da abin da mai shago ya gaya masa. Ya binciki dokar jiharsa, da ta gundumarsa, da ta garin da yake kwana, domin bindigar da aka sayar masa bisa ƙa'ida a wannan gari tana iya kai shi gaban alƙali a na gaba.